Kwamfutar da Ba Ta Tashi Daga Sallar Azahar Ba

Maƙwabcina Malami na Unguwar Rogo ya tsufa a kujera ɗaya a wata ma'aikata yana jiran ƙarin girma. Bana Masu Girma, Allah ya ƙara musu sanyin ofis, suka ce jarrabawar ƙarin girman da kwamfutar cinya za a yi ta, mun ci gaba.

Iri uku aka sayo. Mai kyan ba wanda ya ga ƙeyarta, tana gidajen manya yara na kallon katun. Saura baƙa da fara.

Abokin aikinsa Mu'az ya ja shi gefe a ƙofar zauren jarrabawa.

"Ɗauki baƙa, Malam. Wurin shafa yatsanta kamar bayan tukunya, in hannunka da zuhwa kibiyar kan allon sai ta tsere. Amma in ka ruhe ta ka buɗe, nan take ta tashi."

"Farar hwa?"

"Santsi awa sabon tangaran. Sai dai in ta yi kwana, sai Allah."

Malami ya shafa farar, kibiya ta bi yatsansa kamar ta san shi. Ya zauna. Mutumin da bai taɓa samun abu mai laushi daga gwamnati ba, ina laifinsa?

Ya amsa fiye da rabi, har yana murmushi, sai aka kira Azahar. Babban Darakta Mai Hangen Nesa ya miƙe ya gyara babbar riga: kowa ya rufe tasa kada wani ya leƙa, a je a yi salla. Wa zai ce a'a?

Da aka dawo, baƙaƙen suka buɗe ido. Fararen ko gezau. Malami ya danna, ya hura, ya jijjiga, ya yi mata fifita da hula. Da ƙyar ta kunnu, fes, ba amsa ko ɗaya. Ya ce min bai taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba.

Ya tunkari Darakta: "Ranka shi daɗe, mi za mu yi?"

"Haƙuri, Malami. Allah bai nuhwa ba. Baɗi ma shekara ta."

Kada ku ce manyanmu ba su damu ba. Tuni aka kafa kwamiti zai tafi ƙasar da aka ƙera farar, ya binciko dalilin nauyin barcinta. An kuma saka Malami a ciki: da yake har yanzu ƙaramin ma'aikaci ne, shi zai kai musu jakunkuna filin jirgi.