Konniciwa da Ƙwaryar Gwaggo Hamsatu

Jama'a, in kun gan ni kasuwar Tamaske da ƙulu a goshi kamar ƙwan zabo, kada ku ce tabon salla ne ya fito mini rana ɗaya. Japananci ne. Jiya ni da maƙwabcina Alƙasim mai albasa muna gwajin gaisuwar mutanen Japan, wadda ake yi da sunkuyawa. Munka tsaya gaba da gaba, munka ce "konniciwa" lokaci guda, sai ji kake ƙum. Shi kansa ya saba da buhun albasa, ko gezau. Ni kuwa sai da na ga taurari da azahar.

Za ku ce mi ya kai mai furfura koyon bakin Japan? Shaton ruwan garinmu ne, wato babban tankin nan na bisa.

Shekarun baya wata ƙungiya daga can ta gina mana shi, da pano masu shan rana su ba inji wuta, da robine, wato kawunan famfo, a jere. Mun sha ruwa garau, har mun fara raina randa. Sai injin ya ƙone. Tun ranar Mai Girma Sarkin Alkawari, Allah ya ƙara masa faɗin kujera, yake cewa sabon inji na bisa hanya. Hanyar ce dai ba a faɗa mana ba, wataƙila ta Makka ce a ƙasa. Matanmu sunka koma tabki da jakuna da bido, wato jarkoki, tabkin da shanu ke shiga su sha su bar mana tukuici.

Kwatsam sai labari ya zo cewa masu shato na tafe ganin abinsu. Ranar na san ma'aikatanmu ba ragwaye ba ne, dalili suke jira. Anka shafe shato da fenti har da tsanin. Motar sitarni ta zo ta ɗura masa ruwa. Anka garƙame robine da kwaɗo, makulli ya shige aljihun Mai Girma, don kada mu shanye ruwan kafin baƙi su gani. Sannan ɗan aike ya kawo umurni: kowa ya koyi gaisuwar baƙi, bayan gaisuwa kuma kowa ya kama bakinsa. Wanda ya ambaci inji, shi ya sani.

Anka ɗora aikin kan Mushe Mahfuzu, malamin lakkwal, makarantar boko, don salularsa ce ke kama rezo in ya hau tudu. Kullum da la'asar gari ya taru gindin dogon yaro.

"Da safe, ohayo gozaimasu," in ji Mushe. "Da rana, konniciwa. Na gode, arigato. Ban kwana, sayonara."

Alƙasim ya ɗaga hannu kamar ɗan aji ɗaya. "Mushe, in na ce konniciwa, sai mi?"

"Shi ke nan, Baba Alƙasim."

"Babu ina gajiya? Babu ina gida, ina ɗiya, ina bisashe?"

"Babu."

"To mutanen ga da wa suke hushi?"

Da anka zo kan sunkuyawa, Liman ya ba da fatawa cewa a yi, amma kada ta kai ruku'u. Gwaggo Hamsatu, wadda ta girmi kowa a garin har dogon yaron, ta ce ita ba ta bukatar darasi. "Tun da shato ya mutu a sunkuye nike bakin tabki. Ku tambayi ƙuguna."

Sai Mushe ya kawo wata kalma, sumimasen. Ya ce ma'anarta a gafarce ni, a yi mini haƙuri.

"Wagga ta talakawa ce," in ji Alƙasim, "ko har manya na hwaɗinta?"

"Can har manya."

Dariyar da anka yi sai da kaji sunka watse. Wani ya ce salular Mushe ta fara ƙarya.

Kafin mako ya zagayo gari ya haukace. Mai shayi na miƙo kofi da hannu biyu. Mahauci na cewa arigato yana tauye maka tsoka. Uwargidana ta ce mini sayonara sau uku a yini ɗaya, na ƙarshen da muciya a hannu. Ni kaina, ban ɓoye muku ba, daɗi nike ji, kamar an ɗinka wa bakina sabuwar riga.

Ranar zuwa anka ce ƙarfe tara. Mu kuwa mun san taran Mai Girma, bayan azahar take faɗowa. Makaɗa ba su ɗaure ganguna ba, Mushe na wanka, ni ina neman hulata. Tara na cika sai ga farar mota kat-kat ta tsaya gindin shato. Wata ƴar dattijuwa ta fito, ƙarama kamar ƴar tsana, da malafa da takalmin tafiya, tafinta na biye da ita. Ashe su can in an ce tara, taran agogo ake nufi.

Munka ruga munka jeru, munka kwarara "ohayo gozaimasu", munka kwanta gaba ɗaya kamar gero a iska. Ta sunkuya ta fi mu. Munka ƙara. Ta ƙara.

"Wa ke tsai da abin ga?" in ji Alƙasim daga ƙasa. "Ƙuguna ya hwara magana."

Gwaggo Hamsatu ce ta tsai da shi. Ta ratso layi da sandarta. "Ku kauce, marasa ta ido. Baƙuwa ta sha hanya, kun cika ta da surutu ba ku ba ta ruwa ba? Gidan uban wa anka yi haka?"

Gaskiyarta. A Adar ko da takobi baƙo ya zo, sai ya jiƙa maƙogwaro kafin a ji ta bakinsa. Gwaggo ta nufi robine, ta iske kwaɗo. Ta dube shi, ta dube mu, ta shige gida. Sai ga ta da ƙwarya wankakka, cike da ruwan randarta, launinsa kamar shayi da madara. Ta miƙa, ta ce "konniciwa", ba ta ƙara ko wasali ba.

Tafinta ya kai hannu zai tare. Baƙuwa ta riga shi. Ta karɓa da hannu biyu, ta ce "itadakimasu", abin da suke faɗa kafin su kai abu baka, ta kurɓa. Allah shaida, ta haɗiye. Sannan ta dubi ƙwarya, ta dubi shato mai sheƙi da fenti.

"Mizu?" ta ce. Tafinta ya ce ruwa ke nan, tana tambaya daga ina wannan ya fito.

To an ce mu kama bakinmu, mu kuwa masu biyayya ne. Munka haɗa baki munka ce "arigato gozaimasu", munka sunkuya. Ta sake tambaya. Munka sake godiya. Gwaggo ma ba ta karya doka ba. Hannun baƙuwa kawai ta kama, sunka bi sawun jakuna, gari duka na biye.

Bayan azahar jiniya ta tashi. Mai Girma ya sauko da tawagarsa ya iske rumfar tarbar baƙi ba kowa sai akuya na cin adon teburi. Dole ya tako har bakin tabki, shadda na sharar kashin shanu. Ya iske baƙuwa zaune kan tabarma cikin mata, har sun koya mata "lahiya lau".

Ta miƙe ta sunkuya masa, ta ce "sumimasen". Tafinta ya ce tana roƙon gafara da ba ta zo da wuri ta ga halin da ake ciki ba.

Mai Girma bai halarci darasin Mushe ba, yana misyon, wato tafiyar aiki. Amma ya ga an sunkuya, shi ma ya gwada. Ta ƙara. Ya ƙara, tumbi na gardama. A karo na gaba hularsa ta yi sallama da kai, ta faɗa tabki, ta kama hanyar tsakiya. Mutumin da tun da nike ban taɓa ganin ƙeyarsa ba sai in mota na tafiya da shi, ran nan na ga tsakar kansa. Liman ya kau da ido.

Yana ɗagowa sai ga ƙwarya gaban hancinsa.

"Ranka shi daɗe," in ji Gwaggo, "kai ma baƙo na. Ka sha hanya."

Ya dubi ruwan. Ya dubi baƙuwa, wadda ta sha nata ba ta mutu ba. Ya dubi tawaga, kowa ya sami abin kallo a sama. Ya rufe ido ya kurɓa.

"Arigato," in ji Alƙasim, a madadin shanu.

Ba a yi kasuwa biyu ba sai ga sabon inji, kwalinsa duk saƙar gizo. Ashe ya daɗe da isowa, hutawa yake a wani magaza na ajiyar kaya. Yanzu robine na zuba ba kwaɗo, Gwaggo Hamsatu ta miƙe har ta fi da tsawo. Kalmar sumimasen dai har yau ba mu ji ta daga sama ba, amma ba a haɗa gudu da susar gindi.

Shekara da shekaru muna kuka da Hausa, da Faransanci, da Tamajak, da Fillanci, ba a ji ba. Ashe Japananci manyanmu ke ji. Har mutanen wani gari wajen Bouza sun aiko aron Mushe, rufin asibitinsu ke yoyo.

Shi ya sa ni da Alƙasim munka koma gwaji, har na samo wannan ƙulu. Gobe za mu Madaoua layin esansi, man fetur ke nan, mu sunkuya wa mai pompo mu ga ko zai tsiyaya. Gwaggo ta ce a banza, in ba mu tafi da ƙwaryar ba.