Sunan da Na Kulle Kwamfuta da Shi

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Laraba ba, a shekarar da aka koma mulkin farar hula, ranar da wayona ya tona mini asiri a Tsafe.

Lokacin ina ɗaukar hoto a Sabon Gari, Gusau, kuma ina ji da kaina fiye da kima. Na haɗa wata tsohuwar kwamfuta a ɗakina, na zuba duk hotunan bukukuwan da nake ɗauka a cikinta, na jona ta da layin wayar gidanmu. Daga ko'ina, in dai akwai kwamfuta da waya, sai in kira ta in jawo hoto. Don kada wani ya yi mini kutse, na sa mata kalmar sirri, wadda ba ta buɗewa sai da ita. (Ban san wa zai yi kutsen ba. Duk unguwarmu ni kaɗai na san inda ake kunna ta.)

Wani Alhaji a Tsafe, mai sayen auduga, ya ba ni aikin kalandar bikin 'yarsa Sa'adatu. Motar da za ta kai hoton maɗaba'a a Zariya za ta tashi bayan la'asar, biki kuma jibi. Na isa ofishinsa, na laluba aljihu, babu faifan hoton. Na baro shi a Gusau. Alhaji ya ce in motar nan ta tafi babu hoto, kada in sake taka ƙofarsa, kuma zai faɗa wa duk abokansa.

Maimakon in ba da haƙuri, sai na yi murmushi, na ce a ba ni kwamfutar akawunsa, yanzu za su ga aiki. Aka taru a kaina, Alhaji da ango da direba.

Na kira, shiru. Na sake kira, shiru. Ashe an ɗauke wuta a Gusau an dawo da ita, kwamfutar tana can tana jiran a buga mata kalmar sirri. Dole na kira Inna da baki. Wayar ofishin kuwa kanta ya lalace, sai dai a yi magana ta lasifika, kowa yana ji. Inna ba ta karatun boko, don haka ta kirawo maƙwabciyarmu Maman Esta, mai buga tafireta a ma'aikata.

Maman Esta ta ce ta zauna, in faɗi kalmar. Na dubi ango, na dubi agogo. Direba ya riga ya fita ya tayar da mota.

Na yi dabara, na ce zan faɗa harafi-harafi, a turance, da sauri. Ita kuwa ƙwararriya ce, tana bugawa tana haɗawa da ƙarfi, yadda suke yi a ofis.

"Sa... a... da... tu... ta... wa. Sa'adatu tawa? Haka ne?"

Wallahi na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Shekara biyu ina son yarinyar nan a zuci, ban taɓa ce mata komai ba sai "ɗaga kai kaɗan" in zan ɗauki hoto. Ina neman abin faɗa, sai muryar Inna ta cika ɗakin.

"Wace Sa'adatu? Ɗiyar Alhajin Tsahe? Shi ya sa yaron ga ya bar cin tuwo tun da anka sa rana."

Na sake kiran kwamfutar, hoton ya iso, layi-layi daga sama, minti kusan ashirin, ni da ango muna kallon fuskar amarya tana fitowa. Na zuba shi a wani faifai, Alhaji ya kira direba ya miƙa masa, sannan ya dafa kafaɗata.

"Malam, aikinka ya yi kyau," in ji shi. "Amma ranar biki wani za ya ɗauki hoto."

Har yau ina kulle kwamfuta da kalmar sirri. Sai dai kafin in zaɓa, nakan tambayi kaina ko zan iya faɗinta da ƙarfi, Inna tana ji.