Mutumin da Ya Ari Sunan Surukinsa

"Rubutu? Ai suna ne kawai! Ba ni sunan da ya dace, ko jakar siminti na rubuta a kai sai an yi layi."

Mai wannan cika baki wani mai sayar da tayoyi ne da ake wa laƙabi da Bari-in-gaya-maka, don bai taɓa barin kowa ya kai aya ba. Matarsa marubuciya ce da ta yi fice, amma sunan mahaifinta take sa wa a bangon littattafanta, ba na miji ba. Abin nan na ci wa gogan tuwo a ƙwarya. Duk taron da suka je, sai dai a ce, "A ba mijin marubuciya kujera."

Ya rantse sai an san shi da kansa. Ya zauna a shago tsakanin tayoyi ya zazzaga littafi guda, ya kai wa mai ɗab'i. Ya ce a bango a sa sunansa ƙanana, a bi shi da sunan surukinsa ƙato-ƙato.

Mai ɗab'i ya zare tabarau. "Maigida, wannan fa sunan uban matarka ne."

"Bari in gaya maka, shi ne mai jan kasuwa. Buga!"

Ranar ƙaddamarwa zaure ya cika, gogan sai hura hanci yake cikin sabuwar riga. Mai gabatarwa ya duba bango, ya ɗauki lasifika: "Jama'a, ashe gidan nan gado ne! Ga yayan marubuciyarmu, uwa ɗaya uba ɗaya!"

Aka tafa. Gogan ya buɗe baki zai gyara, ya hango layin masu saye, ya haɗiye.

Na farko a layi wani mai kemis ne, sai ƙamshin turare. Ya rusuna ya yi ƙasa da murya. "Yaya, na daɗe ina neman ɗan gidan. Ƙanwar nan taka, da gaske tana da aure?"

"Tana da shi!"

"Na ji. An ce wani sakarai ne mai faci."

"Tayoyi yake sayarwa! Sababbi!"

"Kar ka kare shi, Yaya, na san ciwon na cin ka. In dai ta rabu da shi, ka tuna da ni."

Kafin gogan ya mayar masa da martani sai ga tsofaffi biyu sun ratso taro: mahaifinsa da surukinsa, kowa da littafi a hannu. Mahaifin ya duba bango, ya duba bayan littafin, ya ma girgiza shi ko wani abu zai faɗo.

"Kai, ina nawa sunan?"

"Baba, dabarar kasuwa ce..."

"Madalla." Ya juya ga surukin. "Ga ɗanka nan, na bar maka. Cin sa da yawa, sai ka yi haƙuri."

Surukin ya ɗaga hannu biyu. "Wane ni! 'Ya na ba ku, ban ce a yi musaya ba. Kuma ku yi mini rai, tun safe uwar 'ya'yana ke tambayata inda na samu ƙato mai gemu ban gaya mata ba."

Dariya ta ɓarke. Masu layi suka fara ajiye littafi suna sulalewa, in ban da mai kemis, wanda ya gyara hula ya matso.

Gogan ya lallaɓa wajen matarsa, wadda ke zaune a gaba tana fifita da littafin nasa. Ya raɗa mata, "Don Allah tashi mu tafi gida."

Ta dube shi sama da ƙasa, ta ɗaga murya yadda na bayan zaure zai ji.

"Haba Yaya, daga haɗuwa yau? Bari in nemi izinin mijina tukuna."