Ɗaliban Bencin Baya

"Ni Manga za a rufe wa makaranta? Ni da rabin ma'aikatan Jalingo suka sha bulalata? Bari Madam ta zo, sai ta rasa inda za ta sa ƙafa a ajina."

Haka Hedimasta Manga, mai tumbi kamar randa, ya cika baki a gindin mangwaro. To ka san ƙauyenmu na bayan Iware. Da shinkafa ta fara nuna, yara duk suna fadama wajen korar tsuntsaye, aji sai awaki. Ga shi an aiko cewa in Madam Jemima mai duba makarantu ta tarar da aji wayam, za a haɗe makarantar da ta Iware, kujerar Manga ta tafi.

Ranar zuwanta, gogan naka ya bi fadama da alewa ya kwashe yaran. Ya duba, bencin baya ba kowa. Sai ya koma ya tuge mutum-mutumin ciyawa na gonakin nan kaf, dodannin tsuntsaye, ya sa musu yunifom da huluna, ya jera su can baya inda ba haske.

Madam ta shigo ta ce, "Hedimasta, aji ya cika."

"Kaɗan kika gani, ranki ya daɗe."

"Wancan dogon fa? Bai tashi ya gaishe ni ba."

"Ɗan Fulani ne, Madam. Kunya."

Ana haka sama ta yi baƙi. Tsuntsaye sun ga gona ba yaro ba dodo, suka sauko kamar an gayyace su walima. Wata yarinya ta leƙa ta ce, "Sun sauka a gonar Baba Goni!" Kafin Manga ya ɗaga bulala, yara sun bi ta taga. Na baya kaɗai suka zauna da ladabi.

Sai ga akuya ta shigo, ta kama hannun dogon tana jan ciyawa.

"Hedimasta, akuya tana cin ɗalibinka."

"Haƙuri gare shi, Madam."

Makaranta dai ta tsira, don Madam ta ga yaran da idonta. Kujerar ce ta tafi. Manoma kuma suka tsayar da Manga a gonar Goni, hannu a baje, har a gama girbi.

Da Madam ta zo wucewa, Goni ya tare motarta.

"Madam, ɗauki abinki ki dawo mana da na ciyawa. Wannan, tsuntsu a kan hularsa yake hutawa."