Hamsin Ɗin da Ba Ta Cika Buta Ba

Idan mutum ya faɗi gaskiya tsagwaronta, amma duk wanda ya ji ya koma gida da ƙarya a kansa, wa za a rubuta wa zunubin? Tun jiya nake juya wannan tambaya, har tuwona ya huce.

Maƙwabcina Malam Khubaib tela ne ya jawo ta. Ya ji Mai Girma Garkuwan Alkawari, Allah ya ƙara wa babbar rigarsa faɗi, yana cewa a rediyo gidajen da ke samun ruwan famfo a wajenmu sun ƙaru da kashi hamsin cikin ɗari. Khubaib ya ce hamsin rabi ne, ke nan ko gidansa ko nawa, kuma duk Tudun Wada an san ya fi ni sa'a. Nan take ya sallami Lawal mai garuwa da baƙar magana. Ga shi jibi sunan jaririyarsa, mata za su cika gida.

Famfo ya yi tari, ya yi shiru.

Muka sami wani na hannun daman Mai Girma yana shan shayi a hanyar Kongo, muka kai kuka.

Ya ce, "Malam, da gida biyu ne cikin ɗari ke samu, yanzu uku. Ɗaya rabin biyu ne. Ina ƙaryar?"

Khubaib ya ce, "To ai ɗaya kuka ƙara."

"Maki ɗaya, kashi hamsin. Duk sunansa ne, kamar Abubakar da Garba."

Na ce, "Ranka ya daɗe, bara da aka faɗo daga huɗu zuwa biyu fa? Ba rabi ne ya tafi ba?"

"Haba dattijo, wannan maki biyu ne kacal."

Ashe in ana hawa da kashi ake awo, in ana gangarowa da maki. Na jinjina wa wannan basira. Na kuma taya gida na ukun murna, wanda aka ce na ƙanwar Mai Girma ne.

Da muka dawo, maiɗakin Khubaib, Naja'atu, ta ce ya je ya ba Lawal haƙuri, in ba haka ba ya shaida wa danginta da bakinsa cewa taimama za su yi.

Ya ce, "Ni? Da gemuna? Gara in ɗinka wa kowa buta da ruwanta."

Ban ga ya zauna kan keken ɗinki ba. Yau da hantsi dai na hango shi yana tura kurar ruwa, gumi har gemu, Lawal na tafe a gefe yana sakace yana nuna masa ramuka.

Khubaib ya tsaya yana haki. "Malam, daga babu zuwa kura guda, kashi nawa ke nan?"

Na ce wannan ba ya lissafuwa, kuma ya rage murya. In Mai Girma ya ji, da maroƙa zai zo ya ƙaddamar da kurar.