Wuƙata Ta Samu Aikin Gwamnati

Jama'a, yau a bayan a-kori-kura na dawo daga Gusau, zaune kan buhun albasa, rungume da wani ɗan akwati mai shimfiɗar karan-miski. Duk motar an ɗauka lambar yabo aka ba ni. Wuƙata ce a ciki, kuma raina a ɓace yake.

Wuƙar nan wani maƙerin Kwatarkwashi ne ya ƙera wa mahaifina. Da ita yake yanka ragunan layyar unguwarmu a Tsafe, da ya rasu kuma aikin ya dawo wuyana. Mako uku da suka wuce na kai ta kasuwa aka wasa ta, don Sallah ta gabato. A hanyar dawowa na tarar da taro: Mai Girma Sarkin Buɗe-Buɗe, Allah ya ƙara wa hularsa tsawo, ya zo buɗe mana famfo. Mota goma sha ɗaya, a garin da na yini a layin mai na koma gida da galan fanko. An zo da ƙyalle, an zo da maroƙa, an zo da mai hoto. Almakashi kaɗai aka manta, wai kwamitin sayensa bai gama zama ba.

Ni da karambani sai na miƙa wuƙata. Mai Girma na taɓa ƙyallen ya rabu biyu. Aka yi tafi, famfo ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Kafin in ce a ba ni kayata, wani mai babbar riga ya kwance kan famfon da tsinin wuƙar, ya jefa su duka a mota, don washegari za a buɗe shi a Bungudu.

Na kai kukana wurin maƙwabcina Malam Mahadi, mutumin da bai taɓa barin maganarsa ta kwana a ciki ba. Ya ce, "Jatau, godiya za ka yi. Ƙanenka Bello shekara huɗu yana yawo da takardu bai samu aiki ba, wuƙakka kau rana guda anka ɗauke ta."

Daga nan a rediyo nake jin labarinta. Yau ta buɗe famfo a Furfuri, gobe ta buɗe gadar da ba ta ƙarasa tsallake rafi ba, jibi ta isa Kucheri ta buɗe famfon nan dai. Ni ban taɓa zaga jihar nan haka ba.

Sau uku ina zuwa wani ofishi a Gusau nemanta. Zuwan farko akawun, wani Malam Lawwali, ya ce, "Baba, ta tahi rangadi." Zuwa na biyu ya ce in kawo hotonta da shaidar cewa ta san ni. Yau kuwa ya miƙo mini akwatin nan da fara'a, ya ce almakashi ya iso daga ƙasar waje, an sallame ta da girmamawa. Har ruwan gwal an shafa wa ƙotar, an rufe gurbin da yatsun mahaifina suka ci a jikinta. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai.

Da na isa gida, mai ɗakina Suwaiba ta miƙo albasa in gwada. Na danna, albasa ta zame ta shige ƙarƙashin turmi lafiya lau. Ashe da gangan aka goge kaifin har ƙarfen ya cinye, kada Mai Girma ya yanke yatsa gaban mai hoto.

Malam Mahadi ya juya ta, ya duba, ya ce, "Ai ta zama cikakkiyar ma'aikaciya. Ga sheƙi, ga mazauni mai taushi, ba ta yankan komi."

Jibi Sallah, raguna bakwai na ɗaure suna jirana. Don haka, Mai Girma, kada wani mahassadi ya ce maka aikin famfon nan bai amfani kowa ba. Ragunan unguwarmu na gaishe ka.