Yaƙin Jazuli da Fankar Banɗaki

"Abba, me ya sa in ka fito daga banɗaki Umma take kunna turaren wuta?"

Walida, 'yar shekara huɗu, ta jefo wa mahaifinta Jazuli wannan tambaya ana tsakiyar cin tuwo, a gaban kakarta, surukarsa. Daga nan aka buga tambarin yaƙi.

Shi kuwa Jazuli ɗan Mamman Tela ne, jikan Ɗanbaba mai facin keke, zuriya mai alfarma wadda ba ta taɓa ƙasƙantar da kanta ta kira mai gyara ba. Shi da hannunsa ya cire tsohon makunnin banɗakin ya sa na zamani, na gilashi, wanda ake shafawa da yatsa. Kwan fitila ya yi mubaya'a nan take. Fankar da ke zuƙe wari kuwa ta yi tawaye, sai gurnani, fiffikenta ko gezau.

Sadauki ya rantse ba zai ƙara shan kunya gaban suruka ba. Matarsa Na'ima ta roƙe shi ya kashe babban makunnin gida tukuna. Ya ce ai an ɗauke wuta tun safe, kuma ya san halin layinsu, ba ta dawowa da rana. Wane maharbi ne ke ɗaure mataccen zaki?

Na'ima ba ta ja ba. Ta miƙa Walida ga kakarta, ta ɗauko muciya busasshiya, ta tsaya bakin ƙofa.

Gwarzon tayil, dodon sukurori, ya hau kifaffen bokiti, sukundireba a dama, salatif a haƙora, ya zaro hanjin maƙiyi, wayoyi ja da baƙi, yana murza su da yatsu tsirara, yana cewa yau ko ni ko ke. Sai yaran unguwa suka kaure da ihun an kawo wuta.

Jarumi ya kama wata rawa da ba a taɓa gani a zuriyarsu ba. Na'ima ta sauke masa muciya a hannu da iyakar ƙarfinta, ya saki waya, ya zube gindin shawa.

"Baban Walida, kana numfashi?"

Yana yi. Tsohon makunnin da aka wulaƙanta ya koma gurbinsa, fanka ta juya, Walida kuwa ta shaida wa maƙwabta Umma ta doki Abba da muciya.

Ke mai karatu, ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne. In maigidanki ya ɗauki sukundireba, ki kashe babban makunni da kanki, ki janye yara. Ba kullum muciya ke kusa ba.